Ɗan Hayan da ke Damtsen Kawu

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa, masu tsiren Briketeri ba su hura wuta ba sai bayan la'asar. Wanda ya san unguwarmu ya san abin da hakan ke nufi, don ko ruwan Yawunde da ke saukowa ba sallama bai cika hana su hura wuta ba. An shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gida har bakin kwalta. Masu taksi su danno oda cikin faɗa, a gaya musu wanda ya rasu, sai ka ga sun kashe mota sun fito sun ɗaga hannu. Dillalan shanu sun zo daga Etudi da sandunansu, suna mana gaisuwa da Fillanci muna amsawa da Hausa. Wani ma'aikacin gwamnati daga Cité Verte ya zo cikin kwat, wando ya hana shi zama a tabarma, ya tsuguna a gefe har aka shafa.

A cikin gida, wadda ta fi kowa kuka ba ma 'yar dangi ba ce. Mama mai abinci ce, maƙwabciyarmu Kirista, 'yar ƙasar nan, wadda ke da rumfa a bakin layi. Ta zube a tsakar gida tana kururuwa irin tasu, mata suna riƙe ta suna cewa, "Mama, yi haƙuri, mu ba ma yi wa mamaci haka." Ta fizge ta ce, "Ku bar ni! Wane Bahaushe ne zai sa hannu a tukunyata tun farko, da ba a san shi ke yanka mini kaji ba?" Inna kuwa, mahaifiyata, wadda ita ce yayarsa, ko ɗigon hawaye ban gani a idonta ba. Ta zauna a kan buzunsa ta miƙe ƙafafu, duk wadda ta yi mata gaisuwa sai ta ce, "Mai taurin kan ya riga ni."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da allura na sani, wata magana ce da na ji a bayana ranar sadakar uku. Wasu samari ne masu fawa. Ɗaya ya ce, "Wai tsohon nan da yanka yake yi?" Ɗayan ya ce, "Haka aka ce. Hannunsa ne ya shanye, shi ya sa ya bari." Na juya na dube su har suka sunkuyar da kai. Hannun Kawu bai shanye ba. Da hannun nan ya ci tuwonsa har ranar da ya kwanta ciwon ajali, da shi yake murɗe kunnen jikoki in sun yi rashin ji. In kwana uku sun isa a shanye masa hannu, ban san abin da zai rage daga labarinsa nan da baɗi ba.

Kawu ba mahauci ba ne, kuma yakan ɓata rai in an kira shi haka. Bai taɓa sayar da ko tsoka ɗaya ba. Yanka ne aikinsa. Da asuba yana mayanka yana yanka wa mahauta shanunsu, da hantsi ya dawo unguwa, mai suna ya kira shi, mai sadaka ya kira shi, mai kaza ma ya kira shi bai raina ba. A ba shi wuya, ya rataya a igiya ya tafi gida. Wuƙarsa doguwa ce, tana cikin kube na fata da ya yi baƙi don daɗewa. Ba ya wasa ta a gaban dabba. Ba ya yanka wata wata na kallo. Sai ya ba ta ruwa ta sha, ya shafa mata wuya, sannan a kayar. In ya ga yaro na jan akuya da kunne, sai ya tsaya cak a tsakiyar hanya ya ce, "Kai, me ta ci maka?"

Yana da magana ɗaya da ya gaji kowa da ita: in ka ɗora, ba ka ɗagawa. A wurin yanka ya samo ta, don abin da muka tashi muka tarar shi ne, in mai yanka ya ɗora wuƙa ya fara, sannan ya ɗaga hannu kafin ya gama, ya jima ya dawo ya ƙarasa, naman ya zama mushe. Amma shi a kan komai yake faɗinta. A kan aure, a kan azumi, a kan tafiya. Lokacin da na so in gudu daga koyon ɗinki in bi manyan motoci, bai yi mini dogon wa'azi ba. Ya ce, "Ka riga ka ɗora, Tela." Tun daga ranar sunan ya bi ni, ban ma iya ɗinka aljihu ba tukuna.

Ƙullutun kuwa tun yana saurayi yake da shi, a cikin damtsensa na dama, can sama kusa da hammata. Da muna yara, in ya tuɓe riga yana shan iska, mukan roƙe shi mu taɓa. Tauri gare shi kamar ƙwallon mangwaro, ba ya motsi, ba ya ciwo. Ya sa masa suna ɗan haya. Yakan ce, "Ɗan hayana ne. Ya ƙi tashi, amma ba ya rigima, to me zan ce masa?"

Rigimar ta fara ne bayan Kawu ya manyanta, mulkin Ahijo ya yi nisa, a shekarun da ɗinkin atamfar fareti ke hana mu sakat. Ni na fara lura, don kullum da yamma a bencin ƙofar shagona yake zama. Carbi ya suɓuce masa. Ya ɗauka, jim kaɗan ya sake suɓucewa. Wata rana kofin shayi ne ya tarwatse a ƙasa. Sai ya riƙa yarfa hannu, yana murza babban yatsa da manuni da na tsakiya a cinyarsa.

"Kawu, lafiya?"

"Kiyashi ne ke yawo a ciki. Yi ɗinkinka."

Na gaishe shi wata rana da rana tsaka, na ji tafin hannun sanyi ƙalau. Naman da ke kewaye da ƙullutun ya kumbura ya yi zafi, har ya daina haɗa hannun da jikinsa, yana tafiya da shi a ɗan buɗe. Babbar riga ce ta rufa masa asiri, don hannunta na da faɗi.

Amma ba ta rufa masa a wurin Inna ba. Ita kaɗai ce a duniya take yi masa tsawa ya yi shiru. Ta aika aka kira wanzami. Wanzami ya latsa, ya girgiza kai, ya ce ƙari ne, mugun jini ya taru. Ya yi ƙaho, kumburin bai saɓe ba. Ya dawo ya ce sai sakiya. Aka sa tsinken ƙarfe a garwashi har ya yi ja, ni da ƙanena muka riƙe Kawu. Tsinken ya shiga kaɗan ya tsaya, na ji tsayawar har a hannuna da ke riƙe da kafaɗarsa. Ba mugunya, ba komai, sai jini da ƙaurin fata. Kawu, gumi na zuba daga gemunsa, ya ce, "Na gaya muku ƙashi ne. Ku da kuka nace kun ji da kunnenku?" Wurin ya daɗe yana ruwa kafin ya kame, yatsun kuma suka ƙara mutuwa.

Inna ta ce, "Ka huta da wuƙar nan."

Ya ce, "Yaya, a zaune ne hannun yake barci. In ya riƙe wuƙa farkawa yake."

Kuma haka ne, na ɗan lokaci.

Sai aka haifa mini ɗana na fari. Tare da Kawu muka je Etudi, shi ya zaɓi ragon, fari tas, ya buɗe masa baki ya duba haƙora, muka cusa shi a bayan taksi yana ta kuka har Briketeri. Dangin matata suka zo tun daga Garwa, surukina a gaba, dattijon Bafillace wanda ko tari ba ya yi a gaban mutane. Ina so a ga ni ma mutum ne. Wanda bai taɓa aurar 'yar arewa yana zaune a ɗakin haya a Brik ba, ba zai gane abin da nake nufi ba.

Da safe aka cika ƙofar gida, aka raba goro. Aka tona ɗan rami don jini. Muka kayar da ragon ya fuskanci alƙibla, ni na danne ƙafafun gaba, ƙanena na baya. Kawu ya naɗe hannun riga ya durƙusa, ya kama haɓar ragon da hagu, ya yi bisimilla, ya ɗora, ya ja.

Jini ya yi tsartuwa. Sai na ga wuƙar a ƙasa.

Ban ga faɗuwarta ba, a ƙasa kawai na gan ta, cikin jar ƙasar nan tamu. Ragon na shure-shure a ƙarƙashina da rabin wuya, yana wani gurnani da har yau nake ji in na tuna. Hannun Kawu na rataye a sama, fari fat, yatsun a buɗe. Ya kai shi kan ƙotar, yatsun suka ƙi naɗuwa. Ya sake kaiwa, suka ƙi. Sai ya saki haɓar ragon, ya sa hannun hagu ya naɗe yatsun daman a kan ƙota ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe da hannu biyu ya ƙarasa. Ragon ya yi shiru. 

Waɗanda ke baya ba su ga komai ba, har maroƙi ya buɗe baki zai fara. Kawu ya miƙe, jini har gwiwar hannu, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Jama'a, wannan ba ya ciwuwa. Na ɗaga."

 Liman ya matso da sauri, ya rage murya ya ce, "Haba Malam, ai ka mayar. Malamai sun yi sassauci in lalura ce ta sa, kuma ba a jima ba."

"Allah gafarta Malam, kai ka ga na mayar. Ni na san abin da ya wuce kafin in mayar. Wannan ba nan take ba ne."

"Ga jama'a sun taru, ga baƙi daga nesa."

"Baƙin ne ma ba zan ciyar da su abin da nake shakka ba."

Na miƙe na ce, "Kawu, Liman fa ya ce ya halatta." Wallahi a lokacin da ba ƙanin uwata ba ne, da na faɗi abin da ya fi haka. Ya dube ni, ba faɗa a fuskarsa, ya ce, "Ɗanka ne, Tela. Da wannan kake so a raɗa masa suna?"

Har yau ban san wanda ya fi gaskiya a littafi ba tsakaninsa da Liman, kuma ba ni da ilimin da zan raba su. Abin da na sani shi ne na ji haushinsa, haushi mai tsanani, na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Mama mai abinci, da ke leƙe daga rumfarta, ta ce, "To ku ba ni mana, mu ai muna ci." Kawu ya ce, "Mama, abin da ba zan sa a bakina ba, ba zan sa a tukunyarki ba." Aka ja farin ragona zuwa bakin rafi aka binne shi da fatarsa.

Kafin masu binnewa su dawo, Kawu ya shiga gidansa ya fito janye da ragon da yake kiwo don layyarsa, wanda ya fi nawa girma nesa ba kusa ba. Ya kira wani daga cikin masu yanka na mayanka ya ce ya yanka, shi kuma ya koma gefe ya tsaya da hannu a cikin riga. Aka raɗa suna. Da za a watse, surukina ya kira ni, na je ina jiran abin da zai ce a kan gidan da ya kawo 'yarsa. Ya nuna Kawu da haɓa ya ce, da Hausarsa ta mutanen Garwa, "Wannan mutum, ka riƙe shi da kyau." 

Daga ranar Kawu ya rataye wuƙa a ƙusa. Mahauta suka yi ta sintiri, ya ce su nemi wani. Ya daina zuwa bencin shagona, sai ɗaki, sai masallaci. Magana ta fara yawo a unguwa cewa ciwon daji ne. A lokacin an yi wani mai gyaran keke a layinmu da ya tafi lopital, wato asibiti, da kumburi a gwiwa, ya dawo da ƙafa ɗaya, bai kuma yi nisa ba. Don haka da na ce masa mu je a duba, sai ya ce, "Da hannu biyu na zo, da biyu zan koma." Inna ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta daina cin abincin gidansa, ya yi kunnen uwar shegu da ita. Ina kallo tudun naman da ke gindin babban yatsansa ya fara lotsawa, hannun na ƙanƙancewa a gaban idonmu.

Ba Inna ce ta karya shi ba, ba ni ba ne. Wata Juma'a muna sahu ɗaya, aka zauna tahiya, na ga yana fama ya naɗe yatsunsa ya bar manuni, sun ƙi. Ya yi ta ƙoƙari har aka sallame. Da muka fito bai nemi takalminsa ba tukuna, ya ce, "Tela, ka iya Faransanci. Gobe ka kai ni."

Aka ɗauki hoton ƙashi, wanda su suke kira radiyo. Likitan matashi ne ɗan kudu, ofishinsa ba komai sai tebur da hoton shugaban ƙasa. Ya ɗaga hoton a jikin taga, sai ga ɗan hayan Kawu ƙuru-ƙuru, ya tsiro daga jikin ƙashin damtse kamar ƙahon ɗan akuya. Likita ya latsa wurin, ya sa Kawu ya miƙe hannu ya ja baya yana riƙe da wuyan hannun, ya sa shi rufe ido yana tsikarar yatsun da allura. Da ya ga tabon sakiya ya tambayi abin da ya faru, na gaya masa. Ya ce babbar jijiyar jini na nan dab da wurin, kaɗan ya rage. Na zaɓi kada in gaya wa Inna wannan.

Sannan ya ce, "Ce n'est pas un cancer." Na ce masa ya sake faɗi. Ya sake. Na juya na ce, "Kawu, ba daji ba ne." Kawu bai ko motsa ba, ya ce, "To mene ne?"

Likita ya yi bayani ina juyawa. Ƙashi ne ya yi tsiro tun ƙuruciya, irin wanda ba ya yaɗuwa, ba ya cin jiki, ba ya kisa. Shi ƙashin ma bai ƙaru ba. Abin da ke kewaye da shi ne ya gaji. Jijiyar da ke kai ji da ƙarfi zuwa yatsu ta bi ta kansa, jijiyar jini ma haka, shekara da shekaru suna gogar tsinin duk lokacin da ya miƙa hannu ya ja. Naman wurin ya yi jakar ruwa don ya kare kansa, jakar ta kumbura ta ƙara matse su. In ya miƙe hannu da ƙarfi, jini ya tsaya, yatsu su mutu. In an bar shi, hannun zai ci gaba da ƙanƙancewa. In an yi aiki, za a sare tsiron a bar hannun, amma jijiyar na manne da shi, tana iya farfaɗowa, tana iya ƙin farfaɗowa, wuƙa ma na iya taɓa ta.

Kawu ya ce, "Ce masa ya nuna mini hannunsa."

Likita ya yi dariya ya miƙa. Kawu ya juya tafin, ya duba yatsun kamar yadda yake duba haƙoran rago. Ya ce, "Tambaye shi, in ya ɗora yana ɗagawa?" Na rasa yadda zan sa wannan a Faransanci, na yi ta kewaye-kewaye har likitan ya gane. Ya daina dariya ya ce a gaya wa Baba, wato Kawu, shi aikinsa dole ya ɗaga sau da yawa, ya duba, ya koma, don abin da yake so ya bari ya fi abin da yake so ya yanke yawa. Kawu ya jinjina kai ya ce, "Kowa da irin yankansa. Amma kada ya wasa wuƙa ina kallo."

Ranar aikin, Inna ta shimfiɗa zanenta a barandar lopital ta zauna da carbi, ma'aikata suka yi ta cewa ta tashi, ta nuna ba ta jin ko kalma ɗaya. Ni na kasa zama. Duk wanda ya fito da farar riga sai in bi shi da kallo, ina tuna mai gyaran keke. Da aka turo shi a gado, ban dubi fuskarsa ba, gefen dama na fara duba. Na ga yatsu sun leƙo daga ƙarƙashin bandeji. Na zauna a ƙasa kusa da Inna, sai a lokacin ta ce, "Alhamdu lillahi," da wata murya da ban san ta da ita ba.

Da ya farfaɗo ya ce, "Tela, yana nan?"

"Yana nan, Kawu."

"Ɗan hayan fa?"

Sun ajiye shi a kwalba. Ya sa na roƙo shi bayan sun gama bincikensu, na yanko ƙyallen farin yadi a shago na naɗe shi, na kai maƙabarta na binne. Ya ce jikinsa ne, ba a zubar da jikin Musulmi a bola. Ɗinkin da suka yi masa kuwa tun daga hammata har kusa da gwiwar hannu, na duba shi da idon tela. Ya riƙe, ba laifi, amma da a shagona aka yi da na sa an warware.

Hannun ya dawo a hankali, a hankalin da ke sa mutum ya fid da rai. Da farko ɗumi ya dawo. Sannan kiyashin suka dawo da ƙarfi har suna hana shi sukuni, likita ya ce alama ce mai kyau. Bayan watanni ya riƙe cokali, ya riƙe buta, ya naɗe yatsu a tahiya. Tudun babban yatsa ya ɗan ciko. Wata rana na shiga gidansa na tarar ya sa an kawo masa kututturen ayaba daga gonar wani a bayan gari, ya kwantar da shi a tsakar gida, ya durƙusa yana yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace da ja ɗaya. Matarsa ta ce kullum haka yake, ta gaji da kwashe ɓawon ayaba. Mahauta suka ji labari suka dawo da sintiri. Ya ce su dakata. Ko kaza ya ƙi taɓawa.

Ana jajibirin Babbar Salla ya zo shago, ina cikin hayaniyar masu karɓar ɗinki, ya ce a kunnena, "Gobe in an sauko ka zo ka riƙe mini." Ban gaya wa kowa ba, amma Briketeri ce. Kafin Liman ya yanka nasa, labari ya bazu, layin gidan Kawu ya cika, har da waɗanda suka bar nasu ragunan a ɗaure suka zo kallo. Inna ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Kai dai ba ka jin magana. Ka bari a yanka maka mana."

Ya ce, "Ragona ne, Yaya. In ya lalace, nawa ne ya lalace."

Ya ba ragon ruwa. Muka kayar. Na danne ƙafafun gaba, a daidai inda na danne na farin ragona.  Kawu ya naɗe hannun riga, tabon ya fito fili, ya durƙusa, ya kama haɓa. Ya ɗora manuninsa a bayan wuƙar kamar yadda ya saba. Ya daɗe a haka, har na ɗago na dube shi. Sai ya yi bisimilla ya ja.

Ja ɗaya. Jini ya zuba a rami, ragon ya shura ya miƙe, wuƙa na hannunsa.

Layi ya ɗauki kabbara. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Sarkin fawan unguwa ya rungume shi yana cewa, "Bayan Salla muna jiranka a mayanka, Malam!" Kawu ya yi murmushi. Ya ce in ɗauko buta. Muka zagaya bayan ɗaki, ina zuba masa ruwa yana wanke wuƙar, ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa don murna.

Ya ce, "Tela, ya yanku?"

"Haba Kawu, ai ka gani."

"Da ido na gani. Hannun bai gaya mini ba." Ya ɗaga manunin ya dube shi. "Da, wannan ke gaya mini komai. Maƙogwaro ya rabu, in ji. Jijiya ta rabu, in ji. Yau kamar da hannun wani na yanka. Ƙarfin ya dawo, jin bai dawo ba. Allah ya rufa asiri yau, amma ba zan riƙa gwada sa'ata a wuyan dabbobin mutane ba."

Na daina zuba ruwan. Na ce, "To in ka san haka, me ya sa ka yi?"

Ya goge wuƙar da gefen zane, ya mayar da ita kube, ya ɗaure igiyar a hankali da yatsun nan da aka sha wahala a kansu.

"Ba na so in tsaya gaban Ubangijina a ce na ƙarshen da na yanka mushe ne."

Ya rayu shekaru bayan wannan, da hannunsa lafiya lau, bai sake zare ta ba. Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ya ji tsoronka a kan wuyan rago, a gaban jama'a, ranar da shiru ya fi masa sauƙi. Ka yi masa sassaucin da ya ƙi yi wa kansa.